Zafin Bazara Da 'Yar Ƙaramar Kwamfuta

Unguwar Lalle gari ne a ƙasar Gobir, cikin Ƙaramar Hukumar Sabon Birni ta Jihar Sakkwato, ba nisa da iyakar Jamhuriyar Nijar. Mutanen wannan yanki, da na Isa da ke maƙwabtaka da su, manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa, ba kuwa wanda zai koya musu abin da ake kira zafi. Daga watan Maris zuwa watan Mayu, watau lokacin bazara, rana takan buɗe har ma'aunin zafi ya wuce digiri 40 a cikin inuwa. In rana ta take tsaka, sai manomi ya bar sharar gona ya nemi gindin itace. Jaki ya tsaya ya sunkuyar da kai, kaji su buɗe baki su saki fukafukai, akuya ta lafe a jikin katanga. Kowane mai rai yana da dabarar da yake yi wa zafi.

Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne, inji ma zafi yana damunsa. Direban motar da ke zuwa cin kasuwar Shinkafi ya san haka, gama yakan tsaya a hanya ya buɗe gaban mota ya jira lagireto ya huce. Mai shagon cajin waya ma ya sani, don yakan ɗauki wata wayar ya ji ta kamar an tsamo ta daga toka. To, akwai wani ɗan inji da zafi yake damu ƙwarai, wanda ya kamata 'yan makaranta su san labarinsa.

Wata irin kwamfuta ce ƙarama, wadda babban mutum zai iya ɗora ta a tafin hannunsa. Tsawonta santimita 8 da rabi, faɗinta kuwa ya ɗara santimita 5 da rabi kaɗan. Kamar yadda almajiri yakan rubuta karatunsa duka a kan allo guda, haka aka jera kayan cikinta duka a kan wani ɗan allo kore guda ɗaya, aka manne su da dalma. Saboda haka ake ce mata kwamfuta mai allo guda. Akwai iri-iri, amma wadda ta fi suna ita ce Raspberry Pi. Wani masani mai suna Eben Upton ne da abokan aikinsa suka shirya ta a birnin Kambirij na ƙasar Ingila, aka fara sayar da ita a watan Fabrairu na shekarar 2012 a kan dala 35. Nufinsu shi ne yara 'yan makaranta su sami kwamfuta mai araha wadda za su koyi aiki da ita ba tare da tsoron ɓata abu mai tsada ba. Daga wannan lokaci zuwa yanzu an sayar da miliyoyinta a duniya.

Ba ta zuwa da gilashin kallo, ba ta zuwa da maɓallan rubutu. Sai an haɗa ta da talabijin, an sa mata ɗan katin ajiya irin na waya, an ba ta wuta, sa'an nan ta tashi. Amma wutar da take ci kaɗan ce, farantin sola guda da batir sun ishe ta. Wannan shi ne amfaninta ga gari irin Unguwar Lalle, inda ba a dogara ga wutar gwamnati ba. Ana iya zuba littattafai dubbai da hotuna da darussa a cikin katinta, yara su karanta ko da babu intanet. Mutanen wannan yanki sun san abin da rashin intanet yake nufi, domin a watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya na wani lokaci a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato saboda rashin tsaro, Sabon Birni da Isa suna ciki. Makarantar da ke da ɗakin karatu a cikin 'yar kwamfuta irin wannan, rufe layi ba zai hana ta karatu ba. Amma zafi yana iya hana ta.

To, daga ina zafin yake fitowa, alhali ba a hura wuta a cikinta ba?

A tsakiyar allon akwai wani ɗan abu mai kusurwa huɗu, bai fi farcen babban yatsa girma ba. Shi ne ƙwaƙwalwar kwamfutar, shi ke yin lissafi duka. An yi shi da wani abu da ake kira silikon, wanda ake tacewa daga yashi. A cikinsa akwai 'yan ƙofofi miliyoyi masu yawa, ƙanana ainun, ido ba ya ganinsu. Aikinsu buɗewa da rufewa, su bar wutar lantarki ta wuce ko su tare ta. Da wannan buɗewa da rufewa ne kwamfuta take ƙidaya, take rubutu, take nuna hoto.

Wutar lantarki kuwa duk inda ta bi sai ta bar ɗumi, gama ba ta wucewa salin alin. Waya tana ɗan tare ta, ita kuma tana kutsawa. Yaron da ya murza tafin hannuwansa biyu da ƙarfi da safiyar hunturu zai ji sun yi ɗumi. Kusan haka abin yake. A wajen shekarar 1840 wani mutumin Ingila, sunansa James Joule, ya tsoma waya a cikin ruwa, ya sa mata wutar lantarki, ya riƙa auna zafin ruwan. Ya gane cewa in an ninka wutar da ke bin wayar sau biyu, zafin da take fitarwa ba sau biyu yake ninkuwa ba, sau huɗu ne. In an ninka ta sau uku, zafin ya ninku sau tara. Ke nan ƙarin aiki kaɗan yana iya jawo ƙarin zafi mai yawa.

Kwamfutocin farko sun sha wannan wahala fiye da na yanzu. A shekarar 1946 aka nuna wa jama'a wata da ake kira ENIAC a jami'ar Fensilbaniya ta ƙasar Amurka. Ta cika babban ɗaki, nauyinta ya kai wajen tan 30. Maimakon 'yan ƙofofin silikon, kwalabe gare ta masu kama da ƙwan lantarki, kusan 18,000, kowace tana zafi. Wutar da take ci ta kai wat 150,000, sai da aka kafa mata manyan fankoki. 'Yar kwamfutar da ake ɗorawa a tafin hannu ta fi wannan ƙatuwa saurin lissafi nesa ba kusa ba, kuma wat 10 ko 12 ne iyakar abin da sabuwarta take ci in aiki ya yi mata yawa.

Mai karatu zai ce, ashe zafinta ba wani abu ba ne. Gaskiya ne ba shi da yawa, amma a taru yake wuri guda. In an watsa garwashi cikin ludayi guda a tsakar gida, nan da nan zai mutu, ba wanda zai ji ɗuminsa. In kuwa an tara shi a kan tabarma wuri ɗaya, sai ya huda ta. Zafin 'yar kwamfuta kusan duka daga wurin nan mai girman farce yake fita. Har ila yau, kowace sabuwa da aka ƙera ta fi ta da sauri. Ƙwaƙwalwar ta 2012 tana bugawa sau miliyan 700 a daƙiƙa guda. Ta huɗu, wadda ta fito a 2019, sau miliyan 1,500. Ta biyar, ta shekarar 2023, sau miliyan 2,400. Sauri ya ƙaru, cin wuta ya ƙaru, zafi ya ƙaru, amma girman allon yana nan yadda yake.

Masu ƙera ta sun san da haka, saboda haka suka sa mata ma'aunin zafi a cikin ƙwaƙwalwar kanta. Don a gane lissafin, a tuna cewa zafin jikin mutum mai lafiya digiri 37 ne, ruwa kuwa yana tafasa a digiri 100. To, in ƙwaƙwalwar ta kai digiri 80, sai kwamfutar ta fara rage saurinta da kanta. In ta kai 85, sai ta ƙara ragewa sosai, har ta huce. Sau da yawa takan nuna alamar gargaɗi a kusurwar talabijin don mai ita ya sani. Wannan hali irin na jaki ne mai hankali, wanda in kaya sun yi masa nauyi da tsakar rana, sai ya rage tafiya, ko an buge shi ba zai ƙara ba. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Da wuya a ga irin wannan kwamfuta ta ƙone saboda zafin kanta. Abin da ake gani shi ne nawa: hoto ya riƙa tsayawa, shafi ya ƙi buɗewa, yara talatin su zauna suna jiran darasin da ya kamata ya fito tun ɗazu. Sai a ce ta lalace, ko a ce an cuci mai saye da jabu, alhali kuwa lafiyarta lau, wurin da aka ajiye ta ne ba daidai ba. Duk da haka zafin da ya daɗe ba alheri ba ne gare ta, don yana rage kwanan ƙananan kayan da ke kan allon, da katin da aka zuba littattafan a ciki.

Yanzu ga babbar magana, wadda ta fi shafar ƙasar Gobir. Zafi ba a kashe shi, sai dai a kai shi wani wuri. Kuma ba ya tafiya sai daga abu mai zafi zuwa abin da bai kai shi zafi ba, kamar yadda ruwan Gulbin Rima yake bin gangare, ba ya hawa tudu. In gangaren ya yi zurfi, ruwa ya yi gudu. In ƙasa ta kusa zama shimfiɗe, ruwa ya yi ta jan jiki. Haka zafi yake. In abu ya fi iskar da ke kewaye da shi zafi da nisa, sai ya huce da sauri. In kuwa iskar ma da zafinta, sai hucewar ta yi nawa. Kowace uwa ta san kunun da aka dama da safiyar hunturu ba ya jimawa yake sanyi, amma wanda aka dama da azahar a bazara sai a daɗe ana jira.

A ɗauki misali don lissafi. A ce akwai 'yar kwamfuta wadda, in tana aiki sosai, ƙwaƙwalwarta takan fi iskar ɗaki zafi da digiri 40. In tana ɗaki a Ingila, inda zafin ɗakin yake digiri 20, sai a tara 20 da 40, a sami 60. Ba ta kusa da iyakarta ba. In an kawo ta Unguwar Lalle da sanyin safiyar hunturu, lokacin da ma'auni yake nuna 15, sai a sami 55. Nan ma lafiya. Amma ran da bazara ta kai 43, sai a tara 43 da 40, a sami 83. Ta wuce 80, ta fara nawa ke nan. Kwamfutar ba ta sake ba, aikin bai sake ba, iska ce kaɗai ta sake. In kuma a shago mai rufin kwano take, ƙofa a rufe, ko an ƙunshe ta a leda don tsoron ƙura, iskar da ke jikinta ta fi ta waje zafi, abin ya ƙara ɓaci. Saboda haka shawarar da ta ishi yaron Kambirij ba lalle ta ishi yaron Sabon Birni ba.

Ta yaya za a taimake ta? Sai a san hanyoyin da zafi yake bi ya fita. Mutanen Gobir sun san su tun zamanin Alƙalawa, ko da yake ba don kwamfuta suka koye su ba.

Hanya ta farko, zafi yana bin jikin abu. In maƙeri ya sa bakin ƙarfe a wuta, ba a jimawa sai zafin ya biyo ƙarfen har ɗaya bakin, dole ya kama shi da awartaki. Amma mai tuƙa tuwo tana riƙe muciya da hannu, bakinta yana cikin tukunya, ba ta ƙonewa. Cokalin ƙarfe da aka bari a cikin kunu yakan yi zafi har mariƙinsa, ludayin duma kuwa ba ya yi. Ashe ƙarfe yana jan zafi, itace da duma da roba ba sa ja. A cikin ƙarafa ma akwai gwanaye. Jan ƙarfe yana cikinsu, sa'an nan alminiyum, ƙarfen nan mara nauyi da ake zuba tukwane da shi.

Da wannan sani ne ake ƙera wani ɗan ƙarfe na alminiyum mai haƙora tsaye-tsaye kamar matajin kai, a manna shi a kan ƙwaƙwalwar kwamfuta. Ana iya kiransa mazuƙin zafi. Gindinsa yana zuƙe zafin daga wurin nan mai girman farce, ya raba shi ga haƙoran. Me ya sa aka yi masa haƙora? Don iska ta sami wuri mai yawa da za ta taɓa. Mai neman kunu ya huce da wuri ba ta barinsa a kofi mai zurfi, sai ta juye shi a faffaɗar ƙwarya. Kunun bai ƙaru ba, amma fuskarsa ta faɗaɗa. In an auna jikin haƙoran nan duka, gaba da baya, za a tarar sun ninka fuskar ƙwaƙwalwar sau da yawa. Tsakanin mazuƙin da ƙwaƙwalwar kuma akan shafa wani ɗan mai mai kauri, ko a sa wani ɗan ƙyalle mai danƙo, don ya cike 'yan ramukan da ido ba ya gani. In ba haka ba iska ta maƙale a ciki, ita kuwa iskar da ke tsaye wuri ɗaya ba ta jan zafi, tare shi take yi. Shi ya sa bargo yake ɗumi.

Hanya ta biyu, iska mai motsi tana ɗauke zafi. Iskar da ta yi zafi takan yi sakayau ta tashi sama, mai sanyi ta maye gurbinta. Hayaƙin murhu shaida ne, kullum sama yake nufa. Saboda haka 'yar kwamfuta tana bukatar a bar mata sarari, sama da ƙasa, iska ta shiga ta nan ta fita ta can. A shekarar 2019, bayan ta huɗu ta fito mutane suna kukan zafinta, an yi gwaji aka buga sakamakonsa, aka ga in an tsayar da allon a kan gefensa maimakon a kwantar da shi a tebur, yakan daɗe bai kai iyakarsa ba, domin iska tana shafar fuskokinsa biyu tana hawa. Dabara ce da ba ta cin ko kwabo.

Akwai wurin da iska mai zafi ba ta tashi sama. A watan Disamba na 2015 aka aika da irin wannan kwamfuta guda biyu zuwa tashar da ke kewaya duniya a sararin samaniya, wajen kilomita 400 daga ƙasa, don 'yan makaranta su rubuta musu umarni wani ɗan sama jannati mai suna Tim Peake ya gwada. A can abu ba ya da nauyi, babu sama babu ƙasa, saboda haka iskar da ta yi zafi sai ta tsaya a jikin injin kamar mayafi. Dole aka ƙera wa kowace akwati na alminiyum mai kauri, da 'yan ƙusoshi a bayansa, don akwatin ya janye zafin ya raba. An kuma yi doka cewa jikin akwatin kada ya kai digiri 45, kada ya ƙona hannun mai taɓawa.

A ƙasa kuwa, in iskar da ke tashi da kanta ba ta isa ba, sai a tura ta. Aikin mafici ke nan, aikin fanka ke nan. Ana sayar da 'yar fanka ƙarama da ake ɗaurawa a kan mazuƙin zafi. A kan kwamfuta ta biyar, fankar ba ta juyawa sai ƙwaƙwalwar ta kai digiri 50. Daga nan ta fara a hankali, ta ƙara gudu a 60, in an kai 75 ta saki gudunta duka. Amma a nan akwai abin lura. In an yi wa mutum fifita yakan ji sanyi ko da iskar mai zafi ce, domin iskar tana busar da guminsa, gumin da ke bushewa kuwa yana tafiya da zafin jiki. Inji ba ya gumi. Iyakar abin da fanka za ta yi masa shi ne ta kore iskar da ta ɗumama ta kawo wata. In iskar gari digiri 43 ce, ko fanka goma aka sa ba za ta sauko da shi ƙasa da 43 ba. Sai dai hakan ma ya isa, tun da 80 ake gudu.

Fanka tana da nata aibi a ƙasar da ke da ƙura. Lokacin hunturu, in hazo ya sauko, duk iskar da ta jawo da ƙura take zuwa. Ƙurar ta taru a tsakanin haƙoran mazuƙin, ta zama kamar bargo, har bazara ta zo ta tarar da hanyar iska a toshe. Ga shi kuma fanka tana cin wutar batir, tana da ranar da za ta gaji ta tsaya ba wanda ya sani. Don haka akwatin alminiyum wanda jikinsa duka mazuƙin zafi ne, ba shi da abin da ke juyawa, ya fi dacewa da ƙauye ga aikin yau da kullum. In aikin mai nauyi ne, ko zafin ya yi tsanani, sai a haɗa da fanka, a riƙa share ta. Sharar ba wuya. A kashe kwamfutar, a zare wayar wuta, a kaɗe ƙurar da gashin kaza ko ɗan buroshi busasshe. Akwatin roba rufaffe mara huda kuwa, kome kyansa, shi ne mafi muni.

Hanya ta uku ita ce wadda zafin rana yake bi ya iso duniya, ita ce kuma ke sa mai zaune nesa da wuta ya ji ɗumi a fuskarsa. Ta wannan hanya kwamfuta tana iya karɓar zafi daga waje. Rana in ta faɗo mata ta taga, ko kwanon rufi in ya gasu yana turo zafinsa ƙasa, sai nata ya haɗu da na waje. Maganinsa inuwa. Farantin sola ne kaɗai yake da aiki a rana, sauran kaya duka a shigar da su ciki. Soro mai kaurin bango, ko ɗaki mai rufin ciyawa, ya fi ɗakin kwano sanyi da rana. In ba sai ɗakin kwano, to a ajiye ta ƙasa-ƙasa, kada a rataye ta kusa da rufi inda iska mai zafi take taruwa.

Wani yaro mai wayo zai tuna da randa. Randa tana sanyaya ruwa domin jikinta yana tsattsafo, ruwan da ya tsattsafo yana bushewa yana tafiya da zafi, daidai da gumin mutum. Wani malami a Jihar Jigawa, Muhammad Bah Abba, ya yi amfani da wannan sani ya sa tukunya a cikin tukunya, ya zuba jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, tumatir da yalo da alayyafo suka riƙa kwanaki ba su lalace ba. A shekarar 2000 aka ba shi lambar yabo ta Rolex saboda haka. Dabara ce mai kyau ga kayan miya, amma kada a kuskura a sa kwamfuta a ciki. Ruwa da wutar lantarki ba sa shiri. Ɗigo guda in ya haɗa wayoyi biyu a kan allon, ya isa ya kashe ta nan take, laima kuma tana cin ƙarfe a hankali. Haka nan kada a sa ta a firji, gama in an fito da ita raɓa za ta kwanta mata kamar yadda take kwanta wa kwalbar lemo mai sanyi. Abin da za a iya yi shi ne a sanyaya ɗakin, a yayyafa ruwa a ƙasa nesa da ita, a buɗe tagogi biyu masu duban juna.

Ba kowace nawa ce zafi yake kawowa ba. In caja ba ta da ƙarfi, ko wayarta siririya ce, ko batir ya yi ƙasa, kwamfutar takan rage gudu, ta nuna alamar walƙiya ko ta rubuta gargaɗin ƙarancin wuta. Sai a duba wace alama ce ta fito kafin a nemi magani. Shi batir kuwa ya fi kwamfutar tsoron zafi. Irin wanda ke cikin wayoyin hannu ba a so a yi masa caji in ya wuce digiri 45. In ana yi, sai ya riƙa saurin ƙarewa, wani ma ya kumbura. Batirin da ya kumbura haɗari ne, yana iya kama wuta. Yaro kada ya matsa shi, kada ya huda shi, sai ya gaya wa babba.

Akwai kuma zaɓen lokaci. Manomi yana fita da asuba ya dawo kafin azahar, ya koma da la'asar. Makarantar da ke da 'yar kwamfuta tana iya bin wannan tsari a bazara: darasin da ke da hoto mai motsi, wanda ya fi sa ƙwaƙwalwar aiki, a yi shi da safe, karatun rubutu zalla a bar shi zuwa hantsi, in an tashi a kashe ta.

Kada a gwada zafinta da yatsa, don ƙarfen da ya kai digiri 70 yana ƙuna. Ita da kanta tana faɗin zafinta da lamba in malam ya nuna inda ake dubawa. Ajin da ya sami irin wannan kwamfuta yana iya yin gwaji na mako guda. A rataye ma'aunin zafi a bango. A ja layi uku a littafi: ɗaya na zafin ɗaki, ɗaya na zafin kwamfuta, ɗaya na bambancin da ke tsakaninsu. A ba ta aiki iri ɗaya na minti goma, a rubuta lambobin da ƙarfe 8 na safe, a sake da ƙarfe 12, a sake da ƙarfe 2. Ran Litinin a bar ta a rufe cikin akwatin roba, ran Talata a buɗe akwatin, ran Laraba a tsayar da ita a kan gefenta, ran Alhamis a manna mata mazuƙin zafi, ran Jumma'a a ƙara da fanka. A kowace rana za a ga layi na farko da na biyu suna hawa tare daga safe zuwa azahar, na uku kuwa kusan yana tsaye wuri ɗaya, sai fa in ta kai 80 ta rage gudu. Amma daga Litinin zuwa Jumma'a, lambar layi na uku za ta yi ta sauka.